Jagorar Tallafa wa Sashen Abubakar Imam a Laburare

Littattafan Alhaji Abubakar Imam ba su ɓace ba. Har gobe idan ka shiga shagon littattafai a Zariya ko Kano za ka samu Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, kuma ana karanta su a makarantu. Abin da ke salwanta shi ne abin da ke kewaye da su: bugun farko, tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wasiƙu, hotuna, rubutun hannu, da labarin da ke bakin dattawan da suka zauna da shi. An haife shi a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Ke nan wanda yake saurayi ɗan shekara ashirin ranar rasuwarsa yanzu ya haura sittin. Takardar jarida kuwa ba ta kai mutum juriya ba.

Wannan jagora ta mutum ɗaya ce, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ta marubuta, da ke son taimaka wa wata laburare ta keɓe sashe na musamman don ayyukansa, ko ta inganta wanda take da shi. Duk matakan za su yi aiki idan Sa'adu Zungur ne ko Aƙilu Aliyu kake so a yi wa haka. Sai dai tun da wuri in faɗa: yawancin aikin ba shi da armashi. Kwali ne da fensir da rajista da biyan kuɗin gyaran rufi. Wanda yake neman bikin buɗe allo mai ɗauke da sunansa zai gaji kafin a je ko'ina.

Mataki na 1: Zaɓi gidan da kayan za su zauna

Kada ka fara da tunanin gina sabon wuri. Gini yana da sauƙi a kan riƙe shi shekara talatin da ma'aikaci da mai gadi da wuta. Nemi inda ya riga ya kafu. A Kaduna akwai Arewa House, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, akwai kuma reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. A Zariya, garin da Imam ya yi mafi yawan aikinsa, akwai Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru. Jami'ar Bayero ta Kano tana da daɗaɗɗiyar cibiyar nazarin harsunan Nijeriya. Katsina ma tana da haƙƙi a kansa, don a kwalejin horon malamai ta can ya yi karatu, a Makarantar Midil ta can ya koyar. Akwai kuma hukumomin laburare na jihohi.

Ka je da ƙafarka, kada ka tsaya a waya. Ka nemi ganin shugaban laburare, sannan ka roƙi a zaga da kai inda ake ajiye tsofaffin takardu. Ɗaga kai ka dubi silin: akwai tabon yoyo? Dubi gindin bango: akwai hanyar gara? Ka nemi a ɗauko maka wani tsohon littafi daga rajista, ka ga minti nawa za a yi kafin a same shi. Wannan gwajin kaɗai ya fi duk jawabin da za a yi maka a ofis. Sai ka tambaya ko mutumin gari da ba ɗalibi ba yana iya shiga ya yi karatu, da kuma wane ma'aikaci ne takamaimai zai riƙe sashen. Idan amsar ita ce "duk muna dubawa", to babu mai dubawa.

Mataki na 2: San abin da ake da shi da abin da babu

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su sayo katan biyar na sabon bugu su sauke a ƙofa. Wataƙila laburaren tana da kwafi ashirin na wannan, abin da take nema daban. Zauna da ma'aikacin ku rubuta abin da ke kan kanta, sannan ku jera abin da ya kamata a samu.

Da farko littattafansa, kowane da bugunsa daban-daban. Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar rubutu da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Magana Jari Ce juzu'i uku ne, ya fara fitowa a 1937. Tafiya Mabuɗin Ilmi labarin tafiyarsa Ingila ne a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma. Akwai Ikon Allah da suka rubuta tare da East, akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai rubuce-rubucensa na addini da tarihi waɗanda mutane ba su cika tunawa da su ba. Akwai kuma littafin tarihin rayuwarsa na Ingilishi da Abdurrahman Mora ya tace, aka buga a Zariya a 1989.

Sai aikin jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, kuma Imam ya riƙe ta a matsayin edita fiye da shekara goma. A ganina nan ne babbar taska take. Mai son jin yadda Hausar boko ta koyi faɗar labarin yaƙin duniya da haraji da majalisa, a shafukan nan zai gani, har da wasiƙun masu karatu daga garuruwa. Ko fitowa ɗaya tak ka samu, kada ka raina ta.

Bayan haka abokan tafiyarsa: sauran littattafan da gasar 1933 ta haifar, na yayansa Malam Bello Kagara, da na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da na Muhammadu Gwarzo, da na John Tafida da East. Haka nan littattafan Larabci da na Turai da na Indiya da ya ɗebo wasu labarai daga cikinsu ya mai da su na Hausa, don mai nazari ya ajiye biyun gefe da gefe ya ga gwanintar. Daga ƙarshe kundayen digiri da maƙalun da aka rubuta a kansa, da hotuna, da faifan wasan talabijin da aka yi daga labaransa idan an dace.

Mataki na 3: Koyi gane shekarun bugu

Tsofaffin littattafan Hausa da yawa ba su nuna shekara a sarari, ko kuma shafin da ke ɗauke da ita ya yage. Akwai alamun da za su taimake ka. Dubi sunan maɗaba'a. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Hukumar NORLA, mai kula da buga littattafai a Jihar Arewa, ta yi aiki a shekarun 1950, aka rufe ta a 1959. Kamfanin NNPC na buga littattafai, ba na man fetur ba, ya fara a 1966. Sai ka juya bayan bango ka dubi farashi: idan da sule da kwabo na tsohon kuɗi aka rubuta, an buga shi kafin Janairun 1973 da naira ta shigo. Idan akwai lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, bai wuce shekarun 1970 zuwa yau ba. Hatimin makaranta ko na En'e, da sunan ɗalibi da ajinsa a shafin farko, duk shaida ce, kada a goge.

Amfanin tara bugu daban-daban shi ne ƙa'idojin rubutun Hausa sun sha gyara tun daga shekarun 1930, zane-zane ma kan canja daga bugu zuwa bugu. Tsohon kwafi mai yagaggen bango yana iya riƙe da abin da sabo mai sheƙi ya rasa.

Mataki na 4: Shiga gidaje da ladabi

Kayan da ake nema suna cikin akwatunan ƙarfe a gidajen tsofaffin malaman makaranta, da ma'aikatan Gaskiya, da alƙalai, da 'ya'yansu. Ba a shiga irin wannan gida da takarda a hannu ana tambayar "me kuke da shi?" Nemi wanda gidan suka sani ya yi maka iso. Zuwan farko gaisuwa ce kawai.

Idan dattijo ya ce, "Ai takardun marigayi ne, ba mu taɓa buɗewa ba," kada ka matsa. Ka ce, "Baba, ba ɗauka muka zo yi ba. In kun yarda a buɗe a gabanku, mu ga ko gara ba ta shiga ba. In ma hoto kaɗai kuka amince a ɗauka, ya wadatar." Sau da yawa tsoron gara ne ke buɗe akwatin, don kowa ya taɓa ganin aikinta. Kada ka manta da iyaye mata. Sau tari Hajiya ce ta san akwatin da takardu suke, ita ke riƙe da mabuɗi, kuma ita ta san wane ne a tsaye a hoton nan na dama.

Ranar buɗewa, a shimfiɗa tabarma mai tsabta a inuwa, a wanke hannu a bushe. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton akwatin yadda yake. A riƙa ɗagowa ɗauri-ɗauri, ana ajiyewa bisa tsarin da aka same su. Za ka ga jaridu a naɗe huɗu sun yi ruwan ƙasa, bakin naɗin yana karyewa, ga kilif ya yi tsatsa ya ci kusurwar wasiƙa, ga kashin kyankyaso a ƙasa. Kada ka ware jaridar da ƙarfi. Kada kuma ka tsince wasiƙa mai sa hannun Imam ka watsar da sauran. Wasiƙar da aka raba da ambulan ɗinta da amsarta ta rasa rabin bayaninta.

Tun a nan ka rubuta asalin kaya: daga gidan wa, wa ya mallaka da fari, mene ne alaƙarsa da marubucin, yaushe aka karɓa. Idan dattijon ya fara ba da labari, nemi izininsa ka kunna rikoda a wayarka, ya faɗi sunansa da amincewarsa a farkon maganar.

Mataki na 5: A rubuta yarjejeniya

Hanya uku ce. Kyauta: kaya sun zama na laburare har abada. Ajiya: suna nan na iyali, laburare tana riƙe da amana na wasu shekaru da aka ambata. Kwafi: a ɗauki hoto a mayar da na asali. Kowace aka zaɓa, a rubuta, a haɗa da jerin kaya ɗaya bayan ɗaya, shugaban laburare ya sa hannu da hatimi, shaidu biyu su sa, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Idan mai kayan ya rasu, takardun sun shiga gado. Sa hannun ɗa ɗaya bai isa ba, ko da shi ne babba. A samu yardar magada, in ba haka ba wata rana wani zai zo da takardar kotu. A kuma rubuta abin da zai faru idan laburaren ta kasa riƙewa, da ko akwai wasiƙun sirri da iyali suke so a rufe na wani lokaci. Wannan haƙƙinsu ne.

Mallakar takarda daban, haƙƙin mallakar rubutu daban. A dokar Nijeriya haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa, wato na Imam sai ƙarshen 2051. Saboda haka ɗora Magana Jari Ce sukutum a intanet ko raba shi a WhatsApp ba tallafi ba ne, shiga haƙƙi ne. Kafin a baza kowane abu, a tuntuɓi magada da maɗaba'a, a kuma nemi shawarar lauya.

Mataki na 6: Kare takarda

Nan ne kuɗinka zai fi amfani, kuma nan ne aka fi ɓarna da sunan gyara.

Abu uku ba a yi wa tsohuwar takarda ko da wasa. Ba a yi mata laminatin: zafi da gam suna shiga jikinta, kuma ba a iya cirewa. Ba a liƙe yagewa da salatif: bayan 'yan shekaru zai bushe ya faɗi ya bar tabo mai maiƙo da ba ya fita. Ba a fesa mata fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Ƙara da waɗannan: ba biro, ba sitefila, ba roba mai ɗaurewa. Lambar rajista da fensir mai laushi ake rubutawa a gefe. Kuma kada a kai tsohon bugu wurin mai ɗinkin littattafai ya datse gefuna ya sa masa sabon bango mai ruwan zinare. Kyau zai yi a ido, amma farashi da sunan maɗaba'a da hatimi sun tafi.

Abin da ake yi mai sauƙi ne. A share ƙura da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa waje. A zare kilif da allura masu tsatsa a hankali. A sa kowace wasiƙa a fayil na takarda marar asid, fayiloli a kwali mai murfi. Irin wannan takarda tana da wuyar samu a kasuwanninmu, sau da yawa sai an yi oda, shi ya sa sayo ta babbar gudummawa ce. Jaridu a kwantar da su a buɗe cikin faffaɗan kwali, kada a tsayar, kada a tara da yawa a kan juna. Takardar jarida tana da asid a jikinta, shi ke sa ta ja ta karye, kuma tana shafa wa maƙwabciyarta, don haka kada a haɗa yankan jarida da wasiƙa a fayil ɗaya.

Kanta ta ƙarfe ta fi ta katako saboda gara. A ɗaga ta daga ƙasa kamar taƙi guda, a janye ta kaɗan daga bango. Kada rana ta riƙa dukan kaya ta taga.

Yanayinmu yana da fuska biyu. Da damina laima ke kawo fumfuna, musamman idan danshin iska ya wuce kashi 65 cikin ɗari ya daɗe. Da hunturu ƙura ce da bushewar da ke sa takarda ta yi ƙaras. Mutane suna ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce magani. Idan wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ɗakin ya yi sanyi da rana ya yi zafi da dare, wannan hawa da sauka ya fi cutar da takarda a kan zafi mai ɗorewa. Ɗaki mai kaurin bango a tsakiyar gini, da rufi marar yoyo, da raga a taga, da fanka mai aiki da sola, da kwalaye masu murfi, sun fi na'urar da ba ta da tabbacin wuta. A sayi ƙaramin ma'aunin zafi da danshi a rataye, a riƙa rubuta abin da ya nuna.

Duk kayan da suka shigo daga gida a ware su a wani ɗaki na 'yan makonni kafin su haɗu da sauran. Idan an ga ƙwari masu rai, ana kashe su da sanyi: a rufe busasshen littafi ruf a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius na aƙalla mako guda, a fito da shi a bar shi cikin ledar har ya dawo daidai da ɗaki. Amma sai inda wuta ba ta yankewa, kuma da sa idon wanda ya san aikin.

Mataki na 7: Rajista, sannan hoto

Abin da ba a rubuta a rajista ba, ba a san da shi ba, kuma ranar da ya ɓace ba mai cigiya. Kowane abu ya samu lamba, suna, shekara ko kimanin shekara, maɗaba'a, yawan shafi, halin da yake ciki, wanda ya bayar, da kwalin da yake. A yi a littafin rajista, a yi a kwamfuta, da Hausa da Ingilishi. A rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, amma a tabbatar mai nema zai samu ko bai sa ƙugiya ba. Ɗaukar nauyin ɗalibin sashen Hausa ko na ilimin laburare ya yi wannan aiki na wata shida yana daga cikin mafi alherin abin da za ka yi.

Bayan rajista sai hoto. Kada a danne tsohon littafi a kan gilashin sikana, ɗinkinsa zai karye, kada kuma a zura tsohuwar takarda a injin da ke jan takardu da kansa. Kyamara a kafe daga sama ta fi. A ɗauka da ƙarfin 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) zuwa sama, da launi, har da bango da shafukan da ba rubutu. A ajiye na asali a tsarin TIFF, wanda ba ya rage ingancin hoto, a yi PDF don masu karatu. Kwafi uku, ɗaya a wani gari daban. Sunan kowane hoto ya dace da lambar rajista. Kuma ɗaukar hoto ba dalilin sakaci da takardar ba ne, don na'urar ajiya takan mutu ba sallama.

Idan kayan suna da yawa kuma tsofaffi ne, akwai shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda ya fara a 2004. Yana ba da tallafin ɗaukar hoto, takardun asali su zauna a ƙasarsu. Jami'o'in gwamnati kuma suna samun kason bunƙasa laburare daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ana iya roƙon shugaban laburare ya sa sashen cikin lissafinsa.

Mataki na 8: Yadda za a ba da kuɗi

Mun san yadda taron ƙaddamarwa yake: a yi alkawarin miliyoyi a lasifika, a ci abinci, a watse, rabin alkawarin ba ya shigowa. Naira kaɗan da ke zuwa duk wata ta fi wannan nesa ba kusa ba, don buƙatun sashen masu maimaituwa ne: fayil, kwali, batirin sola, feshin gara a kewayen gini, alawus na mai rajista.

Idan ku da yawa ne, ku yi rajistar ƙungiya da amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, ku riƙa fitar da lissafi duk shekara. Kuɗin da ya shiga babban asusun ma'aikatar gwamnati yakan bi dogon layi kafin ya fito, saboda haka ya fi sauƙi ku karɓi jerin buƙatu a rubuce daga laburare, ku sayo, ku miƙa, a ba ku takardar shaidar karɓa. Mai hali yana iya yin waƙafi, misali shago guda da kuɗin hayarsa zai riƙa tafiya ga sashen, a rubuta sharuɗɗan a gaban shaidu. Wanda ba shi da kuɗi yana da Asabar ɗinsa: shara, jera kwalaye, buga rajista, ko mai da hirar dattawa rubutu.

Idan za a sayi tsohon bugu daga hannun wani, a tambayi inda ya samo. Littafi mai hatimin wata laburare ko makaranta da ke nan da ranta, a mayar mata ake yi, ba a saya.

Mataki na 9: Kawo masu karatu, ka riƙa komowa

Sashen da aka kulle saboda tsoron lalacewa, shugaban da zai zo nan gaba zai mai da ɗakin ofis. A raba kaya biyu: na asali a kwali, ana fito da su bisa buƙata, a karanta a gaban ma'aikaci da fensir kawai, sababbin bugu kuma a kan kanta, kowa ya ɗauka, yara su karanta har su tsufa a sake sayo wasu. A gayyato malaman Hausa na sakandare da ɗalibansu, a karanta labari ɗaya da murya, a nuna musu hoton shafin farko na jaridar 1939 a bango. Abin da za a kafe don nuni ya zama kwafi, haske yana cin tawada. A sanar da sassan Hausa na jami'o'i, har da masu nazarin Hausa a Yamai da Damagaram, cewa ga abin da ke akwai, a tura musu rajistar.

A ajiye littafin baƙi, don yawan masu zuwa shi ne hujjar da za a nuna wa hukuma ranar neman ƙarin wuri ko ma'aikaci. Sannan ku sa rana biyu a shekara, ɗaya kafin saukar ruwan farko, ɗaya bayan ɗaukewar damina. Ku zo da kwafinku na rajista, ku zaɓi lamba ashirin ba tare da sanarwa ba, ku ce a fito da su. Ku duba silin da gindin bango, ku karanta abin da ma'aunin danshi ya nuna, ku buɗe hotunan da ke kwamfuta ku tabbatar suna buɗuwa. Abin da kuka gani ku rubuta shafi ɗaya, kwafi ga shugaban laburare, kwafi ga iyalan da suka ba da kaya.